Hukumar masu safiyo ta Texas: riƙe ta ya fi tsada ko rushe ta?

Ɗan Safiyo (Houston): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare muka yi musu da wani abokin aikina har tuwo ya huce, na ce bari in kawo muku ku raba mu. Da yawanku kun san aikin safiyo, wato awon filaye, nake yi a nan Houston, shekara ta huɗu ke nan ina ƙarƙashin wani dattijo mai lasisi, ni ne mai riƙe sanda, ni ne mai haƙa.

A Texas akwai wata doka tun 1977 da suke yi wa laƙabi da faɗuwar rana. Yawancin hukumomin jiha an rubuta wa kowace ranar mutuwarta, galibi duk shekara 12. Kafin ranar ta zo, wani kwamiti mai mutum 12 zai binciki hukumar ciki da bai, sannan majalisar dokoki ta zaɓa: ko ta yi doka ta ƙara mata wa'adi, ko ta gyara ta, ko ta bar ta ta mutu. A 2019 abin ya faɗo kan hukumar da ke ba masu safiyo lasisi. Ba a soke lasisin ba, hukumar aka rushe, aka miƙa aikinta ga hukumar injiniyoyi daga 1 ga Satumba, aka ƙara wa sunanta "da masu safiyo" a wutsiya.

Abokina ya ce ma an yi rabin aiki, da an soke lasisin gaba ɗaya kowa ya huta da biyan kuɗi. Ni na ce bai san abin da yake faɗa ba. To ku me kuka gani?

Baban Amira (Dallas): Wa alaikumus salam. Ni dai tambaya ɗaya gare ni kafin in sa baki: kuɗin wa hukumar ke ci? In harajina ne, abokinka ya yi gaskiya.

Ɗan Safiyo: Yaya, ba daga harajinka kai tsaye ba. Irin waɗannan hukumomi da kuɗin lasisi suke rayuwa: kuɗin neman shiga, kuɗin jarrabawa, da kuɗin sabuntawa. Masu sana'ar ne ke biya.

Baban Amira: Su kuma masu sana'ar daga ina suke samo shi? Daga aljihuna mana. Lokacin da na sayi gida sai da aka kawo takardar safiyo kafin banki ya saki kuɗi. Kuɗin lasisin mutumin, da kwas ɗin da ake tilasta masa duk shekara, da inshorarsa, duk suna cikin abin da ya caje ni. Don an biyo da shi ta ƙofar baya bai hana shi zama haraji ba.

Malamin Lissafi (Zariya): Baban Amira ya taɓo wurin da ya kamata. Amma ku bambance abu biyu, don na ga an fara cakuɗa su. Akwai tsadar ofishi: haya, albashi, kwamfuta, lauya, mai bincike, kuɗin zaman 'yan hukuma. Akwai kuma tsadar lasisin kansa, wato abin da jama'a ke asara saboda an taƙaita masu shiga sana'ar. Na farko ƙarami ne kuma ana iya ƙirga shi. Na biyun ba ya fitowa a kasafin kuɗin kowa, shi ya sa ake ta jayayya a kansa.

Abin da Texas ta yi, na farkon ta taɓa. Hujjar kuwa lissafi ce mai sauƙi. Ofishi yana buƙatar mai bincike ko da mutum dubu uku yake kula da su ko dubu hamsin. Idan masu biya kaɗan ne, ko dai kowa ya biya da yawa, ko ofishin ya zauna ba ma'aikata. Injiniyoyin Texas sun ninka masu safiyo sau da yawa, saboda haka tukunyarsu ta fi girma.

Ɗan Safiyo: Haka ne Malam. Kuma don Allah ba zan ɓoye ba, abin da masu binciken suka samu ke nan: ƙaramar hukuma, ma'aikata 'yan ƙalilan, ƙorafin jama'a na daɗewa ba a warware ba. Shi kansa maigidana bai musa wannan ba. Abin da ke masa ciwo shi ne kujera. Sabuwar hukumar mutum 9 ce masu ƙuri'a: injiniyoyi 5, wakilan jama'a 3, mai safiyo 1. Ɗaya tal.

Injiniya (San Antonio): To ai ni a ƙarƙashin wannan hukumar nake, bari in kare gidanmu. Ƙanena, me kujera biyar za ta ƙara muku? Aikin hukuma shi ne karɓar takardu, tantance su, shirya jarrabawa, sauraron ƙara. Wannan ba ya buƙatar sai wanda ya taɓa haƙa turke. Kuma ba Texas ce ta fara ba, jihohi da yawa a Amurka tun asali hukuma ɗaya ce ke riƙe da injiniyoyi da masu safiyo. Hatta manyan jarrabawowin nan biyu da za ka rubuta, ƙungiya ɗaya ce ke shirya mana da ku, NCEES.

Ɗan Safiyo: Ranka ya daɗe Injiniya, sauraron ƙarar nan da ka ambata a tsakiya kamar ba komai ba, ai shi ne duka maganar. Bari in ba ku labarin abin da ya faru da mu a watan Agustan bara.

Wata mata ce ta kira mu, maƙwabcinta ya kafa sabon shingen katako, tana ganin ya ci mata fili. Shi kuma yana da takardar safiyo da wani ya yi masa. Muka je da rana tsaka, zafin Houston kun san shi, ga ɗanshi, riga ta jiƙe tun kafin ka sauke kaya. A nan alamar kusurwa sandar rodi ce rabin inci da ake bugawa a ƙasa, a sa mata hular roba. Na ɗauki na'urar neman ƙarfe tana ta kuka a gindin shingen, na haƙa kamar taƙi ɗaya, ga rodi sabo fil da hularsa. Na ce Baba, ga shi, mutumin nan a kan layi yake. Dattijon bai ko kalle shi ba. Ya buɗe tsohuwar taswirar unguwar da ya ɗauko daga ofishin rajistar gunduma, ya taka, ya nuna min wani wuri cikin ciyawar maƙwabcin, ya ce haƙa nan. Tururuwan nan masu cizo kamar wuta suka cika min takalmi. Sai da na yi kusan kamu ɗaya sannan shebur ya daki wani tsohon bututun ƙarfe da ya yi tsatsa. Shi ne ainihin alamar da wanda ya yanka unguwar ya kafa. Tsakaninsa da sabon rodin ƙafa biyu da ɗan ɗori.

Wancan mai safiyon bai nemi tsohuwar alama ba. Ya auna da na'urar tauraron ɗan'adam, lissafinsa ya fito daidai, ya buga sabon rodi ya tafi. A idon injiniya, bai yi kuskure ba, lambobinsa sun hau. A dokar iyaka kuwa ya yi, domin alamar asali da aka samu a ƙasa ta fi ƙarfin tsawon da aka rubuta a takarda. Ka'idar ita ce ka bi sawun wanda ya fara auna wurin, ko da shi ɗin ya kuskure da 'yan inci. To in wannan ƙarar ta zo gaban teburi, wa zai gane laifin?

Injiniya: Na ji wannan, kuma na yarda ban san shi haka ba. Amma ai hukuma tana iya kafa kwamitin masu ba da shawara daga cikinku.

Ɗan Safiyo: Shawara daban, ƙuri'a daban.

Uwar Biyu (Kano): Ni ku tsaya. Ƙafa biyu ce ake wannan dogon turanci a kanta? Allah Ya ba ku lafiya mutanen Amurka.

Ɗan Safiyo: Anti, ƙafa biyu a tsawon fulotin gaba ɗaya. Kuma ranar da matar za ta sayar da gidan, kamfanin inshorar takardun mallaka zai ga shingen wani a cikin filinta, ciniki ya tsaya cak.

Uwar Biyu: A'a, wasa nake yi ɗana, ni ce ma ya kamata in fi kowa sanin zafinsa. Shekara takwas da suka wuce na tara kuɗin adashe na sayi fili awon igiya a bayan gari. Dillali, mai gona, shaidu biyu, takardar mai unguwa, aka kafa bulo huɗu a kusurwoyi. Na yi shekara biyu ban leƙa ba. Da na je da magini, bulo biyu sun yi tafiya da ƙafarsu, maƙwabci ya riga ya zuba harsashi ya tayar da katanga har linta. Hamsin da hamsin ɗina ya koma hamsin da arba'in da uku. Na je wajen wanda ya yi awon, ya ce shi dai igiyarsa ba ta ƙarya. Wa zan kai ƙararsa? Ba shi da lasisin da za a ƙwace, ba shi da hatimin da za a soke. Ƙarshe sulhu aka yi a zauren dagaci, aka ba ni haƙuri da ɗan abin da bai kai kuɗin bulo ɗari ba. Saboda haka abokin Ɗan Safiyo da ke cewa a soke lasisi, a turo min shi in zagaya da shi.

Baban Amira: Allah Ya mayar da alheri Hajiya. Amma ki lura, a Najeriya ai akwai hukumar. SURCON tana nan tun dokar soja ta 1989, ita ke rajistar masu safiyo. Samuwarta bai hana a ci miki ƙafa bakwai ba. Me ya sa ba ki ɗauki mai rajista ba?

Uwar Biyu: Kuɗinsa.

Baban Amira: To kin ga maganata ke nan. In aka tsawwala sharuɗɗa har mai lasisi ya fi ƙarfin talaka, talaka wajen mai igiya zai koma.

Lauyan Zaure (Atlanta): Na daɗe ina karantawa, bari in jefa nawa. Baban Amira ba shi kaɗai ke wannan ra'ayi ba. A 2015 fadar White House ta fitar da rahoto a zamanin Obama, ta ce a shekarun 1950 ƙasa da kashi 5 cikin 100 na ma'aikatan Amurka ne ke buƙatar lasisin jiha, yanzu kuwa abin ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu. 'Yan jam'iyyun biyu duk suna ƙorafi a kai. A shekarar dai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan hukumar likitocin haƙori ta North Carolina, wadda ta riƙa aika wa masu sana'ar haskaka haƙori takardun gargaɗi su daina. Kotu ta ce hukumar da masu sana'ar suka mamaye ba za ta fake da rigar gwamnati ta kori abokan gasa ba, sai in jiha na sa mata ido da gaske. Ba a ba kura ajiyar nama.

Saboda haka ƙanena Ɗan Safiyo, kujera ɗayan da kake kuka da ita, wani zai ce maka ita ce kariyar jama'a daga ku.

Ɗan Safiyo: Barista, likitan haƙori ya hana mai goge haƙori, wannan son kai ne a fili. Mu wa muka hana?

Lauyan Zaure: Kun hana mana. A North Carolina ɗin dai, hukumar injiniyoyi da masu safiyo ta gargaɗi wani mai ɗaukar hoto da jirgi maras matuƙi, saboda yana haɗa hotunan sama ya sayar a matsayin taswira mai awo. Ya kai su kotu yana cewa an tauye masa 'yancin faɗar albarkacin baki. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ba hukumar gaskiya. Amma ka tambayi kanka, manomin da ke son ya ga faɗin gonarsa daga sama, ba sayarwa zai yi ba, ba shari'a zai shiga ba, dole sai ya biya mai hatimi?

Ɗan Safiyo: A nan kam ba zan yi gardama ba. Hoton gona ba iyaka ba ne. Ni abin da nake karewa shi ne layin da ke raba naka da nawa. Matsalar dai, takarda in ta fita hannu ba ka san inda za ta kwana ba. Yau hoton kallo ne, gobe an manna shi a takardar ciniki.

Malamin Lissafi: Akwai wani abu game da wannan sana'a da ya raba ta da aski ko gyaran famfo, kuma ina ganin shi ne amsar Baban Amira. Wanzami ya ɓata maka kai, a take ka gani, kai ka biya, kai ka ji kunya, ba za ka koma ba. Kasuwa ta hukunta shi. Mai safiyo ya kuskure, wanda ya biya shi sau da yawa shi ne ma ya ci riba. Wanda aka cuta maƙwabci ne da bai ɗauke shi aiki ba, ko magajin da ba a haifa ba tukuna. Kuma kuskuren yana iya kwanciya shekara talatin kafin ya tashi, lokacin mai awon ya daɗe a kabari. Barista yana Atlanta, ya ba ku labarin iyakarsu.

Lauyan Zaure: Kai Malam, ka sosa mana inda ke ƙaiƙayi. A 1818 aka auna iyakar Georgia da Tennessee, an ce a bi layi na 35 na arewacin duniya. Kayan aikin zamanin suka sa aka ja layin kusan mil ɗaya kudu da inda ya kamata. Wannan mil ɗin shi ya raba Georgia da Kogin Tennessee. Lokacin da fari ya matsa wa Atlanta, a 2008 majalisar Georgia ta zartar da ƙudurin neman a gyara iyakar. Tennessee ta yi dariya. Har yau layin na nan inda aka kuskure shi, sama da shekara 200.

Baban Amira: Wannan ai ba rashin lasisi ba ne, rashin kayan aiki ne. Yau wayar hannuna ta san inda nake tsaye.

Ɗan Safiyo: Yaya, wayarka tana kuskure da mita uku ko biyar ba ta ko ji kunya ba. Amma bar wannan, ko na'urarmu da ke kamawa zuwa santimita ba ta karanta takarda. Texas ba kamar sauran jihohi ba ce. Da ta shiga Amurka a 1845 ta riƙe filayenta, ba ta miƙa wa gwamnatin tarayya ba, kuma ofishin filayenta yana nan tun 1836. Tsofaffin takardun mallaka da yawa daga zamanin Sifaniya da Meziko suka samo asali, awonsu kuma da wani ma'auni ne da ake kira bara, inci 33 da sulusi. Takarda za ta ce a fara daga gindin wata bishiya, a tafi bara kaza zuwa bakin rafi. Bishiyar ta mutu tun kakan kakanka, rafin ya sauya hanya. Wace waya ce za ta warware maka wannan? Shi ya sa bayan jarrabawar ƙasa akwai wata ta Texas kaɗai, kuma ita ce ke hana ni barci yanzu.

Hajiya Babba (Kaduna): Allah Ya ba ka sa'a ɗana. Ni ban san kan safiyo ba, amma na yi shekara 31 a aikin gwamnati, na ga haɗe ma'aikatu iri-iri. Abin da ake faɗa kullum shi ne za a rage kashe kuɗi. Abin da ke faruwa kuwa, ƙaramin ya zama sashe a ƙarshen baranda, fayil ɗinsa ne na ƙasa a tire. Rahoton Oronsaye tun 2012 yake cewa a haɗe hukumomi, a 2024 aka sake cewa za a aiwatar. Ni abin da ya burge ni a labarinku shi ne ranar mutuwar nan. A ce kowace hukuma sai ta zo ta kare kanta duk shekara 12. Mu nan hukuma in an haife ta, sai dai ta binne mu.

Injiniya: Hajiya, kada ki yaba da wuri. A wannan zaman majalisar na 2019 ɗin, 'yan majalisa suka yi ta ja-in-ja kan hukumar masu gyaran famfo har wa'adin zama ya ƙare ba su tsawaita mata rai ba. Majalisar Texas kuwa sau ɗaya take zama a shekara biyu, kwana 140. Sai aka wayi gari jihar na shirin zama ba mai ba masu famfo lasisi. Gwamna Greg Abbott ne ya fitar da umarni ya tsawaita ta, ya kafa hujja da aikin gyaran ɓarnar guguwar Harvey ta 2017. Saboda haka wuƙar tana yanka wanda ba a yi niyya ba.

Baban Amira: To ni dai ga inda na tsaya. Na janye maganar soke lasisi, labarin Hajiya Uwar Biyu da na bututun nan sun ishe ni. Amma ofishi na daban, da shugabansa da motarsa, don mutum 'yan dubbai? Ban ga dalili ba. A haɗe, a rage kuɗin sabuntawa, a sassauta wa yara irin su Ɗan Safiyo hanyar shiga.

Malamin Lissafi: Sai dai a auna haɗewar da ma'aunin da ya dace. Ba a tambayi nawa aka rage ba kawai. A tambayi kwana nawa ƙara ke ɗauka yanzu, kuma cikin waɗanda aka hukunta, nawa ne don sun makara sabunta lasisi, nawa ne don sun buga rodi a filin wani. Hukumar da ke kama na farko kaɗai, ko kyauta take aiki ta yi tsada.

Uwar Biyu: Ɗan Safiyo, ba ka ƙarasa mana ba. Matar nan ta samu ƙafa biyunta?

Ɗan Safiyo: Ta samu Anti. Maigidana ya kira wancan mai safiyon a waya, ya ce zo ka ga abin da muka tono. Mutumin ya zo, ya tsuguna ya kalli bututun, bai ce uffan ba. Ya san in matar ta rubuta ƙara, lambar da ke kan hular rodin nan tasa ce. Washegari ya zo ya cire rodinsa, ya sake wa maƙwabcin takarda, kuma shi ya biya masu matsar da shingen. Ba a je hukuma ba, ba a je kotu ba.

Baban Amira: Ka ga, ba a ma buƙaci hukumar ba.

Ɗan Safiyo: Yaya, tsoron wa kake jin ya fito da shi daga ofis cikin wannan rana?

Shugaban Zaure: Jama'a, an kira magariba a Kano, mutanen Texas kuma ku koma bakin aiki kada a kore ku a ce mu ne. Ɗan Safiyo, yaushe ne jarrabawar?

Ɗan Safiyo: Saura wata huɗu, Shugaba. A sa ni a addu'a. Anti Uwar Biyu, in na zo gida hutu zan zo da tef in auna miki abin da ya rage, kyauta.

Uwar Biyu: Ka zo da shebur ɗin ma, ina zargin bulo na uku shi ma ya fara tafiya.